Layin Duwatsun Mailafiya

Ranar da abin ya fara, a Garwa, zamanin Shugaba Ahijo, Hawa'u tana kwashe tuwon jar dawa a tsakar gida, ladan bai ma ida kiran magariba ba. Sai dutse ya faɗo a kan kwanon ɗaki. Can kuma wani ya faɗo.

Mijinta Mailafiya ya fito yana zagin maƙwabta da Faransanci. Shi ne majo, wato babban malamin jinya a ɗakin gaggawa na asibiti, mutum mai farar riga da gajeren tunani. Abin taƙamarsa a duniya guda ne, layin duwatsu. Duk wanda ya kawo mara lafiya sai ya ajiye dutse a bakin ƙofa, ya koma gindin maɗaci ya jira. Wanda dutsensa ya riga, shi ke shiga. Mai ƙaiƙayi da wanda bijimi ya soka duk ɗaya ne a wurinsa. Wani likita Bature ya taɓa yaba tsarin, shi ke nan gogan ya riƙe maganar kamar aya.

Kwana bakwai ana jifa, kullum da magariba. Duwatsun kuwa ba sa warwatsuwa, da safe sai a tarar sun jeru daga zaure har ƙofar ɗakin Rahamatu, 'yarsu tilo. Ran na takwas yarinyar ta daina ci, ta daina magana, sai kallon bango. Majo ya yi allura, ya ɗura ƙwayoyi, a banza. Da ya ga wuyanta ya koma kamar sillen kara, sai girman kai ya sauka, ya aika aka kira Malam Hayatu.

Malam ya zo bayan la'asar, ya yi ta karatu har gumi ya jiƙa rawaninsa. Sai Rahamatu ta juyo a hankali, ta yi dariya da muryar tsoho.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Mai maɗacin asibiti. Tun ba a aza tubalin farko ba nake wurin."

"Me yarinya ta yi maka?"

"Ita? Ba komai. Ubanta ya ƙirga duwatsun."

Mailafiya ya ƙirga. Goma sha ɗaya.

"Na waɗanda suka cika a inuwata ne, layi bai zo kansu ba. Baƙin can na mahaucin da wuƙa ta yanke wa jijiya ne, kana ciki kana wanke wa wani ƙurji. Na kusa da shi na mai naƙuda ne daga garin Figil. Mu da kuke kira miyagu, ko mu ba ma haka."

Mailafiya ya zube a ƙasa. "Don Allah ka sake ta yanzu. Ba za ta iya jira ba, ka dube ta mana!"

"Au, ashe ana dubawa? Ai layi ne, Majo. Ita ce ta goma sha biyu."

Malam ya ci gaba da karatu, ya haɗa shi da Allah, har aljanin ya faɗi sharaɗinsa: duk sa'ad da aka kawo mutum, Majo ya fito da ƙafarsa ya duba, ya fara da wanda ya fi kusa da mutuwa.

"Na yi alkawari," in ji Mailafiya.

Muryar ta ja tsaki. "Alkawarin ɗan Adam! To, na tafi. Amma na ajiye mata wuri."

Rahamatu ta yi atishawa, ta faɗa jikin uwarta, ta nemi ruwa. Da suka buɗe tafin hannunta, sai ga ƙaramin dutse.

Washegari Majo ya sa ƙafa ya watsa layin duwatsun asibiti. Wani dillalin shanu mai kumburin yatsa ya taso yana faɗa, wai tun asuba ya ajiye nasa. Mailafiya ya sa hannu a aljihu, ya taɓa dutsen 'yarsa, ya wuce dillalin zuwa can baya, inda wata Bafulatana ke rungume da ɗanta da maciji ya sara.

Shekara tara yana aikin nan, sai ran nan ya fara kallon fuskar mara lafiya.