Yajin Umma Bashira

A bakin Bab Makka, tsohuwar ƙofar garin Jidda, Kassimu ya fara ganin Mastura, tana gaban wasu hajiyoyi masu jiran jirgin komawa gida. Aikinta ke nan tun da ta gama karatun tarihi ta rasa mai ɗaukarta. Takan zaga da mata cikin Balad, tsohuwar Jidda, ta nuna musu gidajen dutsen teku masu tagogin katako, ta tsaya da su ɗanɗana abincin garin, wurin ful da tamis, wurin mutabbaƙ da balila. Teburin da Kassimu ke sayar da tsire ne zangon ƙarshe.

"Wannan namu ne," in ji ta. "Kakanninmu suka kawo shi da ƙafa. Kada wani ya ce muku mu baƙi ne a garin nan."

Kassimu ɗan Maraɗi ya lura tana yabon komai, ba ta cin komai. Tun rasuwar mahaifiyarta, Umma Bashira, bakinta ya mutu, ba ta jin ɗanɗanon komai. Ba ta yi kuka ba, ba ta fasa fita ko rana ɗaya ba. A gida sai ta haɗiye shinkafa kamar magani.

Tana da lambarsa don sanar da shi yawan baƙi. Wata rana saƙo ya shigo:

"Malama, yau ma kin bar rabonki. Ko hannuna ne bai iya ba?"

"Hannunka lafiya lau. Bakina ne ya yi tafiya."

"Bon. Zan jira ya dawo, Malamata."

Ta karanta, ba ta ji komai ba. Amma ba ta goge ba.

Da maganar Kassimu na sonta ta kai kunnen mahaifinta, Malam Usuman, ya ce ba zai yiwu ba. Yaron iƙamarsa, wato takardar zama, na hannun kafili, ubangidan da ya tsaya masa, gobe ana iya sa shi a jirgi. Ga Abdulghani na nemanta, haifaffen nan, mai aikin ofis a unguwar Bagdadiyya. Mastura ba ta roƙa ba. Ta ce Abdulghani dai a'a, ta ɗauki abayarta ta fita.

Sai aka gaya wa Kassimu wai har an sa ranarta da Abdulghani. Saƙonsa ya ɗauke. Watanni tana kawo baƙi teburinsa, yana yanka nama kansa a ƙasa, ita kuma ba ta iya lallashi ba.

Ran nan ta ce wa mahaifinta, "Abuya, ka bi yawona sau ɗaya. Bayan nan abin da ka yanke, halas, na yarda."

Tun rasuwar matarsa bai taka Balad ba. Ya bi ta har teburin tsire. Don kada ya kunyata yaron, ya ɗauki yanka guda ya dangwali yaji. Sai ya daina tauna.

"Wa ya daka maka wannan?"

Kassimu ya ce wata dattijuwa ce daga unguwar Nuzla take sayar musu da yajin a nan kasuwa. Da hannunta ya raunana, shi yake daka mata a bayan rumfa tana auna masa, har busasshen lemun tsamin da take sawa ita kaɗai. Rana ɗaya ta daina zuwa. Umma Bashira ake ce mata.

Mastura ta dubi farantin da ta yi shekara tana turewa.

Malam Usuman ya share baki, ya ce har yanzu kafilin nan bai kwanta masa ba. Sannan ya juya ga Kassimu. "Ka turo manyanka."

Bayan Sallah aka ɗaura aure a Nuzla. Da gida ya watse, Kassimu ya ajiye mata faranti.

"Bismilla, Malamata."

Ta ci. Yajin ya kama harshenta, ya hau hanci, ya kai ido.

"Da zafi," ta ce.

Ya miƙo ruwa, ta ture kofin, ta ƙara wani yankan. Hawaye na zuba, bai hana ta ba.

Allah ya jiƙan Umma Bashira, ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari.