Lambar Da Keturah Ta Toshe

Keturah tana tankaɗen garin masara a tsakar gidansu na Jimeta, wayar mijinta Zadok ta sake ƙara. Ya duba, ya miƙe tsaye ya fice ƙofar gida, har da jawo ƙyaure.

Yayarta, Adda Queen, wadda ta kawo mata ziyara, ta taɓe baki. "Kira na nawa ke nan yau?"

"Na huɗu," in ji Keturah a hankali. "Aikinsa ne, Adda."

Aikinsa ne kuwa. Tun shekarun da rikici ya watsa mutanen Mubi da Michika, Zadok yake ɗaukar bidiyon waɗanda suka rabu da danginsu yana sawa a shafinsa na intanet. Yana da ƙa'ida guda: kowane mai cigiya zai faɗa masa wani sirri da ba za a saka a bidiyo ba. In wani ya bugo ya ce shi ne ake nema, sai Zadok ya keɓe ya gwada shi, don 'yan damfara sun yi yawa.

"Aiki!" Adda Queen ta yi shewa. "Kin ga hoton mai kiran? Rahila daga Abuja, fata sumul kamar ba ta taɓa shiga rana ba! Ke kina nan da gari har gira. Wallahi sakarcinki ya isa, miji mutum dubu hamsin na kallonsa, ke ko fasawod ɗin wayarsa ba ki riƙe ba?"

Keturah ta riƙe, ba ta dai taɓa amfani da shi ba. Maganar ta tsaya mata a ƙirji kamar ƙayar kifi. Da Zadok ya shiga wanka, ta ɗauki wayar. Ta ga hoton Rahila, ta ga kira goma sha ɗaya cikin kwana biyu. Idonta ya rufe — ta danna bulok ta toshe lambar, ta goge saƙonnin da jerin kiran kaf.

Kwana uku wayar ta yi shiru, Zadok ma ya yi shiru. Tuwo sai ya yi loma biyu ya ture. Keturah tana kallonsa ta gefen ido, zuciyarta na tafasa: "Wato don ita ne har abinci ya fita ransa!"

Ran Asabar da hantsi wani tsoho ya yi sallama, ƙafafunsa fututu da ƙura. Baba Wilson ne daga ƙauyen Malkohi, mai cigiyar 'yarsa da suka rabu ranar gudun Mubi tana shekara tara.

"Ɗana, ka ce akwai wata yarinya da ta bugo..."

"Ta bugo, Baba. Ta faɗi unguwa daidai, ta faɗi cocinku daidai. Saura tambaya ɗaya, sai ta ɗauke ƙafa. Saƙonninta ma sun ɓace, lambarta kuma ban adana ba. Ƙila ba ita ba ce."

Tsohon ya karɓi kunun gyaɗar da Keturah ta miƙa masa, ya riƙe kofin bai sha ba. "Ba komai. Shekara goma ina jira. Idona ne kawai yake mutuwa, ina so in ganta kafin ya rufe."

Farantin da ta kawo kunun a kai ya suɓuce daga hannun Keturah. Ta durƙusa, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Ni ce! Ni na toshe ta, Zadok. Kishi ne ya ci ni!"

Zadok ya dube ta kamar bai san ta ba. "Keturah! Ke da kika kwana a sansanin gudun hijira? Ke da kika san zafin neman uwa?" Ya ɗaga wayar kamar zai doka ta da ƙasa, Baba Wilson ya riƙe masa hannu.

"Bari, ɗana. Wadda ta faɗi laifinta da bakinta ta rage maka rabin aiki."

Zadok ya ja dogon numfashi, ya buɗe jerin lambobin da aka toshe. Ga ta nan. Maimakon ya buga, sai ya miƙa wa matarsa.

"Ke kika rufe, ke za ki buɗe. Tambaye ta sunan da babanta yake kiranta da shi a gida."

Keturah, wadda ko gaisuwa a taro kunya take ba ta, ta buɗe lambar ta buga, ta kunna sifika.

"'Yar'uwa, matar Zadok ce. Ni na toshe ki, ki yafe mini. Wai... wane suna babanki yake kiranki?"

Sai murya ta fashe da kuka. "Tattabara! Tattabarar Baba yake ce mini!"

Kofin kunu ya kife. Tsohon ya rarumi wayar da hannu biyu yana kiran sunan, yana kuka, yana dariya.

Ran Talata Rahila ta sauka a tashar Jimeta da goyonta, mijinta na biye da jaka. Keturah ce ta riƙe wayar ta ɗauki bidiyon rungumar, hoton yana ɗan girgiza saboda kukan da take yi. Daga ranar, in mace ta bugo, ita Zadok yake miƙa wa ta yi tambayoyin, don mata sun fi sakin jiki da ita.

Da Adda Queen ta dawo da sabon tsegumi, Keturah ta shimfiɗa mata tabarma ta ce, "Zauna ki sha ruwa, Adda. Amma zancen mijina, daga yau shi zan tambaya."

'Yan'uwana mata, kishi halal ne, amma in aka bar shi ya yi jagora, ba miji kaɗai yake ƙonawa ba, har wanda bai ji ba bai gani ba. Ki tambaya kafin ki yanke. Ku kuma maza, haƙurin minti ɗaya yakan ceci auren shekaru.