Ka Ce Ka Karɓa

Yammacin da abin ya fara bai bambanta da sauran ba. Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, Gwaggo tana kwashe shanya daga igiya, yarinyar tana zaune a bakin ƙofar kicin da littafin makaranta a cinya. Sai ga ubanta, wanda kowa ke kira Injiniya, ya shigo yana nishi, yana jan wani baƙin akwatin ƙarfe mai nauyin tsiya. Gwaggo yayarsa ce, ita ta raini yarinyar tun rasuwar uwarta, kuma bakinta ba ya raga wa kowa. Ta ce ita ta ɗauka kyautar ritaya kamfani zai ba shi, ashe bola suka haɗa shi da ita. Ya ja abin har ɗakin ajiya, ya rufa masa tsohon zanin gado, ya kulle ƙofa ya jefa makullin a aljihu.

Bai gama wanke hannu ba dutse ya faɗo a kan rufin kwano. Gwaggo ta leƙa ta katanga tana yi wa 'ya'yan maƙwabta Allah ya shirya, amma layin babu kowa, ko kaza. Wani ya sake faɗowa. Aka ɗan jima, wani. Aka daɗe fiye da haka, wani kuma. Tazarar tana ta faɗi har mutum ya saki jiki, sannan jifan ya koma farko da sauri. Injiniya yana tsaye a bakin famfo, ruwa na zuba a hannunsa. Ya san wannan tazara, domin shi ya tsara ta da hannunsa.

To, sai an san aikinsa za a gane. Lokacin da ya shiga kamfanin yana saurayi, kwamfutar ofis da ta sito da ta masu kai kaya kai tsaye suke kiran juna. In ɗaya tana kashe, ko waya ta tsinke, saƙo ya bi iska ke nan, a wayi gari mota ta tafi babu kaya ana ta zargin juna. Sai aka kawo manhajar layin saƙo, aka zuba ta a cikin wannan baƙin akwati. Kowace na'ura ta ajiye saƙonta a layi ta kama gabanta, akwatin ya riƙe amana har mai karɓa ya farka. Dokarsa ɗaya ce. Ba ya sakin saƙo sai wanda aka aiko wa ya ce ya karɓa. In bai ce ba, a sake kai masa, a ɗan jira, a sake, a ƙara jira, haka har abada. In kuwa ya ce, nan take saƙon ya goge, ko inuwarsa ba ta saura.

Shekaru suka yi ta tafiya, aikin yana sake kama. Da can kowane mai sayar da manhaja da nasa yaren, sai aka zo aka yi yare guda da kowa ke ji. Aka zo zamanin da saƙo ɗaya zai tafi wa masu sauraro da yawa. Daga ƙarshe yaran da ya koya wa aiki suka kwashe komai suka mayar kan na'urorin haya a wata duniya da ba wanda ya taɓa gani, inda saƙo ke zama ko an karɓe shi, mai so ya koma baya ya sake karantawa. Ranar da aka nuna masa wannan, sai da ya fita ya tsaya a baranda. Da tun farko haka abin yake, da bai sha wahalar da ya sha ba.

Domin akwai saƙo ɗaya a tsohon akwatin. Matarsa a sito take aiki, can bayan gari, a zamanin da waya ba ta shiga aljihun kowa ba. Akwai wani ɗan layi na gwaji da ba mai kula da shi, su biyu suka mayar da shi nasu. Wata ranar sanyi da yamma ta aiko masa magana. Ya leƙa ya gani, hannunsa na cikin wani gyara, ya ce anjima. Kafin anjiman ta zo, aka kira shi aka ce motar ma'aikata ta kife a hanya da ita a ciki. Tun daga ranar bai danna karɓa ba. Kullum kafin ya tashi aiki sai ya leƙa ya karanta ya rufe, akwatin kuwa yana ta sake kawowa ba gajiya. Da za a kashe shi ya gwada kwashe saƙon zuwa sabon tsari, ya tarar ba ya fita sai an karɓe shi. Shi ya sa ya roƙi a bar masa ƙarfen.

Jifan bai fasa ba, kullum da faɗuwar rana. Daga baya murya ta biyo. Muryar mace ce a bayan tagar ɗakinsa, ƙasa-ƙasa, ta ce "Na taso," sai ta yanke. Gwaggo ta ji da kunnenta, ta saki kofin da ke hannunta, ta zauna daɓas tana salati. Ta tambaye shi ko ya ji. Ya ce iska ce.

Sannan abin ya koma kan yarinyar. Ta daina cin abinci, ta daina dariyar nan tata da ke cika gida. Da magariba ta kawo jiki sai ta miƙe, idonta a buɗe amma ba ta ganin kowa, ta tafi ƙofar ɗakin ubanta ta ƙwanƙwasa. Ta tsaya. Ta sake. Ta ƙara tsayawa. Fatar yatsunta ta sale, jikinta ya yi sanyi kamar randa, ga wani busasshen tari da ya kama ta. Likita ya duba ya ce bai ga komai ba. Shi kuwa uban yana ciki a bakin gado, ya haɗa kai da gwiwa, yana jin kowane bugu, bai buɗe ba. Abin tausayi ne, abin haushi kuma. Dama tun tana ƙarama ba ya iya daɗewa yana kallonta, don fuskar uwarta ce sak. Makaranta ya biya, sutura ya saya, amma ko goyon wasa bai taɓa yi mata ba.

Gwaggo ce ta gaji. Ta tare shi a tsakar gida ta ce ita ba ta yi boko ba, amma ba makauniya ba ce, tun ranar da wannan baƙin ƙarfe ya shigo gidan nan barci ya ƙaura. In shi ya yarda ya binne 'ya bayan ya binne uwa, ita ba ta yarda ba. Ta yafa mayafi ta fita, ba ta dawo ba sai da Malam.

Malam dattijo ne siriri mai tabarau, maganarsa a hankali kamar mai gudun tada jariri. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a falo, aka zaunar da yarinyar, Gwaggo ta riƙe kafaɗunta. Hasken yamma yana janyewa daga bango ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Can yarinyar ta sandare, ta ɗago kai, wata murya ta fito daga bakinta, tsohuwar murya ta namiji, a gajiye liƙis.

"Malam, sassauta. Ban zo cuta ba."

Malam ya tambaye shi ko shi wane ne, me kuma ya haɗa shi da 'yar mutane. Ya ce shi ɗan aike ne. Tun kafin a gina ofishin yake zaune a wurin, da aka yi ɗakin na'urori mai sanyi sai ya tare a ciki. Ya ga saƙonni suna jira a layi ba mai raka su, sai ya shiga rakiya, tun yana yi don ɗebe kewa har abin ya zame masa alkawari. A wurinsu kuwa wanda ya ɗauki aike ba ya sauke shi sai a hannun mai shi. Duk ya isar, saura guda. Da akwatin na da wuta, a ciki yake kai da kawowarsa ba ya damun kowa. An kashe wuta, ya buga rufi ba a amsa ba, ya buga taga ba a amsa ba.

"Hanya ta toshe, sai na bi wadda ta rage. Jininsa ce. Na san tana wahala, ni ma ina wahala."

Malam ya ce irinsu ba a rantse da maganarsu, ya juya ya dubi Injiniya ta saman tabarau, ya tambaye shi ko akwai gaskiya a ciki. Da ƙyar Injiniya ya ɗaga kai alamar akwai.

Sai ciniki ya koma tsakanin uba da aljani. Injiniya ya ce zai mayar wa akwatin wuta, ya koma ciki ya zauna. Aljanin ya ce ya tsufa, danginsa sun yi nisa, ba zai sake shiga ƙarfe ba. Injiniya ya ce to ya faɗi saƙon ya tafi, a bar rubutun inda yake. Aljanin ya ce ba haka doka take ba, kuma ai ba shi ya kafa ta ba. Abu ɗaya zai iya yi. Matar tana da ɗabi'ar furta abin da take bugawa a hankali, shi kuma yana wurin ranar, ya ɗauko har da muryar. Zai ba shi ita sau ɗaya, cikakkiya. Malam ya gindaya nasa sharaɗi, cewa in an karɓa zai fita ba tare da ya taɓa ko gashin yarinyar ba, kuma shi da gidan nan har abada. Aljanin ya yi rantsuwa ya amince.

"Abin da ya rage mini nata ke nan, Malam," in ji Injiniya.

Gwaggo ce ta kamo hannun yarinyar, wanda yatsunsa suka sale, ta ɗora a kan tabarma inda zai gani.

Ya daɗe yana kallon hannun. Sannan ya matso, ya durƙusa a gaban 'yarsa, ya dubi fuskar da ya yi shekaru yana kauce wa. Leɓunanta suka motsa, muryar matarsa ta fito, da ɗan saurinta na mai shirin kama mota.

"Na taso. Ka sa wa yarinya rigar sanyi, tana tari."

Gwaggo ta toshe baki da mayafi. Shi kuwa hawaye na bin gemunsa. Aljanin bai matsa masa ba, jira ai shi ne aikinsa.

"Na karɓa."

Yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki ta faɗa kan ƙirjin Gwaggo. A ɗakin ajiya wani abu ya yi ƙara kaɗan ya yi shiru. Malam ya shafa addu'a, ya ce a ba ta ruwa. Rufin kwano bai sake motsi ba.

Can ta buɗe ido, nata idon na gaske, tana dube-dube tana karkarwa, ta yi tari sau biyu. Gwaggo ta yunƙura za ta ɗauko bargo, ya ce, "Yaya, bari." Ya cire rigar sanyin da ke jikinsa, ya zura mata hannu ɗaya, ya zura ɗayan, yana yi a hankali kamar yadda ake yi wa ƙaramin yaro. Rigar ta yi mata yawa. Ya naɗe mata hannayen, ya bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya har wuya.

Ta dube shi da mamaki, don bai taɓa yi mata haka ba. Ta ce, "Baba, lafiya?"

Ya ce, "Mamanki ce ta ce in sa miki. Na makara ne."