Agogon Baƙo Ba Ya Tafiya

Kwana uku injinmu na wasan ches yana shan kaye a gasar intanet. Ba fin sa iyawa ake yi ba, lokaci ne ke ƙare masa. Oga ya ce in gyara kafin gobe ko in nemi wani aikin, shi da bai san bambancin kebul da igiyar shanya ba.

Bayan magariba kowa ya watse, saura ni a ɗakin saba, inda manyan kwamfutocinmu suke. Na duba layi, na saita agogo, na sake kunna wasa. Namu agogon yana gudu, na abokin karawar, wani mai laƙabin Baƙo, ya tsaya cik.

"Samari, ba daga layi ba ne."

Wani dattijo na gani a bayana, sanye da rigar masu shara. Ban ji buɗe ƙofa ba. Na ja tsaki.

"Baba, tsintsiya tana waje. Ko kai ma injiniyan ne?"

"Yanzu dokina zai ci sarauniyarku."

"Dokinka? Ka iya kunna waya kuwa?"

Don in huta da surutunsa na fizge kebul ɗin intanet ɗungurungum, na ɗaga masa. "To, ci mu gani."

A kan allo baƙin doki ya tsallaka ya ɗauke sarauniyar. Fankokin injinan suka yi tsit lokaci guda.

Na waiga. Leɓunansa a rufe suke, amma muryarsa ta fito daga bakin kebul ɗin da ke hannuna.

"Kai ake jira, injiniya. Lokacinka yana tafiya."