Dasom da Kusurwa Mai Ɗumi

Akwai wata yarinya a birnin Daegu mai suna Dasom. Shekarunta goma sha biyar, tana ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare. Ga ta da iya zane, ga kuma taurin kai. Abin da ta fi tsana a duniya shi ne a dube ta a ce mata sannu.

An haife ta da larurar ƙashin baya. Ƙashin bai gama haɗewa ba tun tana ciki, sai da likitoci suka yi mata aiki tana jaririya. Tana tafiya da sanduna biyu da takalmi na musamman. Daga gwiwarta zuwa ƙasa kuwa ba ta jin komai. Ko ƙaya ta taka, ko ruwan zafi ya zubo mata, ƙafar ba za ta ce uffan ba.

Shi ya sa kullum bayan abincin yamma Ummanta take zaunar da ita. Sai ta ɗora ƙafafun a cinyarta, ta bi su yatsa bayan yatsa, ta juya dunduniya ta duba.

"Umma, ni fa na girma," in ji Dasom wata rana. "Kin manta makarantar zane nake son zuwa baɗi? Ta kwana ce fa."

"Ban manta ba," in ji Umma. "Can ɗin wa zai riƙa duba miki ƙafa? Fensir ɗinki?"

"Ni zan duba."

"Ke da ko takalminki sai na tuna miki ki kakkaɓe?"

Abba yana gefe yana ɓare lemo. Ya ce, "To ku tsaya. Ba ajinsu zai tafi ƙauye kwana biyu ba? A bar ta ta je ita kaɗai. In ta kula da kanta, sai mu amince da makarantar."

Umma ta ce ta yarda, amma ba da son ranta ba.

Ranar tafiya ta saka mata abu uku a jaka: ƙaramin madubi na duba tafin ƙafa, safa mai kauri, da shimfiɗa mai tudu. Ta ce, "Gidajen can na da ne, da itace ake ɗumama daɓensu. Kada ki kwanta a wurin zafi. Ki taɓa daɓen da hannunki tukuna, domin ƙafarki ba za ta gaya miki gaskiya ba."

"Na ji, Umma, na ji," in ji Dasom. Amma hankalinta ya riga ya shiga mota.

Sun isa ƙauyen da yamma, sanyi na ratsa ƙashi. Malama Gu, malamar ajinsu, ta raba su gida gida. Dasom da ƙawarta Yeji da wasu 'yan mata uku suka sauka a gidan wata tsohuwa da ake kira Kaka Bang.

Tsohuwar ta cika musu ciki da shinkafa da kimci, wato kabeji mai tsami da yaji, da gasasshen dankali. Sannan ta kai su ɗakin kwana. Wutar madafa ce take bi ta ƙarƙashin daɓen, kuma kowa ya san kusurwar da ke jikin madafa ta fi ko'ina ɗumi. Wurin manya ne da baƙi masu daraja. Ba a ba yaro shi sai an so shi ƙwarai.

Kaka Bang ta kalli sandunan Dasom, tausayi ya kama ta. Ta dafa kusurwar da tafin hannu ta ce, "Zo nan, jikata. Nan marigayi mijina yake kwanciya. Ɗumin nan magani ne ga ƙafa."

Dasom ta tuna maganar Umma sarai. Amma ta yaya yarinya za ta ce wa tsohuwa a'a, alhali ta ba ta wurin mijinta? Ga shi kuma ba ta taɓa gaya wa ƙawayenta cewa ƙafarta ba ta jin zafi ba. Su a ganinsu rauni ne kawai.

"Iye, yau Dasom ce babbar baƙuwa," in ji Yeji tana dariya. "Mu talakawa sai bakin ƙofa."

Dasom ta rusuna ta ce, "Na gode, Kaka."

Da ta buɗe jaka, madubin ya faɗo. Yeji ta ɗauka ta ce, "Kwalliya za ki yi wa barci?" Duk suka yi dariya. Dasom ma ta yi, ta karɓe madubin ta cusa shi can ƙasan jaka. Shimfiɗa mai tudun ma ba ta fito da ita ba, don ta ga kowa a kan siririyar katifa yake. Da ɗumi ya ratsa bayanta, har safar ta cire. Ita dai so take ta zama kamar kowa, ko na kwana ɗaya ne.

Kaka Bang kuwa, don ƙauna, ta ƙara itace a murhu kafin ta kwanta.

Da safe Yeji ce ta fara gani. Suna naɗe katifu, sai ta tsaya cak.

"Dasom, me ya sami dunduniyarki?"

Dasom ta jawo ƙafar da hannu ta duba. Ashe cikin barci ƙafar ta zame daga katifa ta kwana a kan daɓe. Dunduniyar ta yi ja, ta tashi da ƙaton bororo cike da ruwa.

"Ƙuna ce fa," in ji Yeji. "Ba ya miki zafi?"

Dasom ta ɗauko safa mai kaurin nan. In ta saka ta, ta ɗora takalmi, babu wanda zai sani. Za ta bi 'yan ajinsu zuwa tsohuwar gadar da ta daɗe tana son zanawa. Umma ba za ta ji labari ba, makarantar zane kuma tana nan. Amma ta san abin da likitanta ya sha faɗa mata. Ciwon ƙafa irin tata, in an rufe shi an taka, ruɓa yake yi a ɓoye.

Ta ajiye safar. Hawaye suka cika mata ido.

"Ba na jin komai a nan, Yeji," ta ce a hankali. "Tun da aka haife ni. Madubin nan ma na duba ƙafa ne."

Yeji ta rufe baki da hannu. "Ni kuma na yi miki dariya. Don me ba ki taɓa faɗa mini ba?"

"Kunya nake ji."

"Kunyar wa? Ni da kika san ina minshari kamar tsohon injin niƙa?"

Dasom ta yi dariya tana share hawaye. Ta ce, "Kira mini Malama. Amma ni zan gaya mata da bakina."

Malama Gu ta saurare ta har ƙarshe, ba ta yi faɗa ba. Ta kai ta ƙaramin asibitin da ke kusa. Aka wanke ciwon, aka naɗe, aka ce kada ta taka ƙafar. Sauran yara suka tafi gada, ita kuwa aka aro mata keken guragu ta koma gidan Kaka Bang.

Rashin ganin gadar ya dame ta, amma ba kamar ganin Kaka Bang ba. Tsohuwar tana zaune a bakin madafa tana kuka. "Da hannuna na ƙona 'yar mutane," take cewa. "Ni da na so in yi alheri."

Wannan ya fi komai yi wa Dasom ciwo. Ta riƙe hannun tsohuwar da hannu biyu ta ce, "Kaka, ba laifinki ba ne. Ni na sani, na yi shiru. Ki yafe mini."

Malama Gu ta ce, "Kin gani ko, Dasom? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In bai faɗa ba, masu son sa ma sai su cuce shi ba da saninsu ba." Ta miƙa mata waya. "Ni zan kira Ummanki, ko ke?"

"Ni zan kira."

Ta faɗa wa Umma komai, ba ta rage ba. Umma ta ce yanzu za ta taso ta ɗauke ta.

"Umma, don girmanki ki bar ni in kwana," in ji Dasom. "Jiya na ɓata. Ki bar ni in gyara yau."

Umma ta ce, "To. Ba ni Malama."

Da yamma Dasom ta tara 'yan ɗakinsu ta yi musu bayani. Ta fito da madubi a gabansu ta duba ɗaya ƙafar, babu wanda ya yi dariya. Ta bi daɓen da tafin hannu har ta sami inda ba zafi, ta baza shimfiɗarta mai tudu, ta saka safa. Kusurwa mai ɗumi kuwa Yeji aka ba, don dama ita ce sarauniyar jin sanyi.

Da ta koma gida, Umma ta zaunar da ita ta duba naɗin ciwon. Dasom ta sunkuyar da kai. Ta riga ta cire rai da makarantar zane.

"Na faɗi gwajin, ko Umma?"

"Wa ya gaya wa Malama?" in ji Umma.

"Ni."

"Wa ya kira ni?"

"Ni."

Umma ta sauke ƙafar daga cinyarta a hankali. Ta ce, "Abin da nake tsoro ba ciwo ba ne, Dasom. Tsorona ki ji ciwo ki ɓoye, ina nesa. Yanzu na san za ki faɗa." Ta ɗauko madubin ta saka mata a hannu. "Daga yau ke za ki riƙa dubawa, ni kallo ne nawa. In kika riƙe wannan har sanyi ya wuce, ki tafi makarantarki."

Abba, da ke gefe yana ɓare lemo, ya yi gyaran murya ya ce lemon nan ne yake sa idonsa ruwa.

Ciwon ya daɗe kafin ya warke, amma ya warke. Dasom ba ta tsallake yamma ko ɗaya ba. Da furanni suka fara buɗewa, ta shiga makarantar zane. A ranar farko ta ajiye madubinta a kan tebur, ta ce wa yarinyar da za su zauna ɗaki ɗaya, "Sunana Dasom. Akwai abin da ya kamata ki sani game da ƙafafuna."

Yara, girma ba shi ne ɓoye larurarka don ka yi kama da kowa ba. Girma shi ne ka san jikinka, ka kula da shi da kanka, ka kuma faɗi abin da kake bukata cikin ladabi, ko ga wanda ya girme ka.