Ƙafafun Aro

Manniru ya kai shekarun da gwiwa ke tayar da ɗan ƙwallo kafin ladan ya tashe shi. Haifaffen unguwar Sabo ne a Ibadan, ɗan baya a wata ƙungiya ta cikin gari, kuma kwantiraginsa na dab da ƙarewa. Ba shi da wata sana'a. Mahaifinsa, Alhaji Labaran, ya so ya gaje shi a fataucin goro, shi kuwa ya zaɓi fili, ga shi filin yana shirin tofar da shi.

Wata rana bayan atisaye koci ya ja shi gefe.

"Manniru, kai ma kana gani. Bayanmu ya cika, har na rasa bencin da zan ajiye wasu. Yaran nan gudu suke kamar an cinna musu wuta."

"Oga, tun yaushe nake tsare muku gida?"

"Na sani mana. Amma masu ƙungiya ƙafa suke saya, ba tarihi ba."

Ƙungiyar mai tausa ɗaya gare ta, shi ya sa aka saba babba a cikin 'yan baya shi ke murza wa na ƙasa da shi man zafi, ya ɗaure musu bandeji a idon sawu kafin wasa. Manniru ke wannan aiki. A ranar ma ya durƙusa gaban Anwar, ɗan unguwarsu, wanda kowa ya san shi zai karɓe masa gurbi.

"Yaya Manni, idan ka yi ritaya zan ɗauke ka aiki," in ji Anwar yana dariya. "Ba mai ɗauri irin naka."

Manniru ya yi murmushi, ya ja ƙullin. Ƙafar tana da ɗumi a hannunsa, cike da shekarun da shi ya riga ya cinye.

Wani dillali a kasuwar Bodija ne ya ba shi kwatancen Ɗantani, boka da ke zaune a wata tsohuwar gonar koko bayan Akinyele. Da rana tsaka ya isa, amma cikin ɗakin duhu ne, ga ƙarni. Daga rufi an rataye ƙafafu, ƙafafu zalla: kofaton akuya, ƙafar zabuwa, ta biri, da wasu da ido bai so ya tantance ba. Babu iska, amma suna lilo. A ƙurya akwai tulu da aka ɗaure bakinsa da jan ƙyalle.

Ɗantani ya saurare shi yana sakace haƙori.

"Ni ba na ƙera ƙafa," in ji shi. "Sai dai in ɗauko ta daga inda take."

"Ba na son a kashe kowa, Baba. A rage su kawai. Su ɗan zauna, in samu a ƙara mini kwantiragi."

"Kowa da haka yake farawa. Miƙo hannun da kake musu ɗauri da shi."

Ya tsaga masa tafin dama da aska, ya kwance ƙyallen, ya cusa hannun cikin tulu. Ruwan ciki sanyi ƙalau. Manniru ya ji wani abu ya kama masa yatsu ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai duba kaya kafin ya saya.

"Duk ƙafar da hannun nan ya murza, ƙarfinta ya dawo gare ka."

"Me zan bayar?"

"Ni zakara ya ishe ni."

"To idan buƙata ta biya, yaya ake tsayar da shi?"

"Farawa ta kawo ka ko tsayawa?"

Manniru bai sake tambaya ba. Na daɗe ina juya wannan wuri a raina. Mutumin da ya yi tambaya, aka hana shi amsa, ya kuma tashi ya tafi da kayan, shin yaudararsa aka yi, ko shi ya yaudari kansa? Ni dai ina ganin ya ji amsar sarai.

A wasan da ya biyo baya Anwar ya faɗi ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Likitoci suka duba, ƙashi lafiya, jijiya lafiya, ƙafar dai ta ƙi ɗaukar mai ita, tana ta ƙanjamewa. Bayansa wani ya bi, sannan wani. Manniru kuwa ya koma tamkar ɗan ashirin, yana riga kowa isa ƙwallo. Aka ƙara masa kwantiragi da albashi mai tsoka. Ya sayi mota, ya sake rufin gidansu, masu shayin Sabo suka riƙa nuna shi da baki. Anwar yana zaune a ƙofar gida da sanda, idan motar ta wuce sai ya ɗaga hannu ya ce, "Yaya Manni, a tsare mana gida." Manniru ya sake hanya.

Ya ɗauka abin a fili ya tsaya. Amma Alhaji Labaran ƙafafunsa na kumbura, gadon doguwar tafiya, kuma tun yana yaro Manniru ke matsa masa su bayan magariba. Ya ci gaba da yi, don wane dalili zai bayar idan ya daina? Tsohon ya fara sallah a zaune. Sanyi ya kama daga tafin sawu yana hawa, ranar da ya kai ƙirji aka kai shi makwancinsa. A hanyar dawowa daga maƙabarta Manniru ya ji ƙafafunsa na son gudu, har sai da ya dafa bango.

Daga nan ya riƙa ɓoye hannun a aljihu. Ya daina ɗaukar 'yarsa Husna, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba. Sai wata safiya ta taka fasasshiyar kwalba a tsakar gida, jini na zuba, matarsa Sakinatu ta ce, "Baban Husna, riƙe mini ƙafar in cire." Uba ba ya tsayawa tunani a irin wannan. Ya riƙe, ya murza wurin don ta yi shiru. Ciwon ya warke. Husna ba ta sake miƙewa ba, sanyin da ya tafi da kakanta ya fara hawa ƙafafunta.

Sakinatu ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta dube shi kawai ta ce, "Anwar, da Baba, da Husna. Duk hannunka ya bi ta kansu. Me ka je ka ɗauko mana?"

"Don ku na yi."

"Wa ya aike ka a cikinmu?"

Bayan an binne yarinyar, aka fara ganin Sakinatu tana yaga zannuwanta tana ɗaure ƙafafun gado da na kujeru, tana lallashinsu su tashi. 'Yan'uwanta suka zo suka tafi da ita.

Manniru ya koma wurin Ɗantani, ya shimfiɗa hannun a ƙasa. "Sare shi, Baba. Na gaji."

"Sare shi mana, wa ya hana ka? Abin da ya ɗebo ya riga ya gangara ƙasa. Ƙafar mutum nawa ke jikinka yanzu? Kowace da tafiyar da aka rubuta mata, kuma sai an yi ta."

A lokacin bayan ƙungiya ya zama kango. Sababbin da aka sayo sun ji raɗe-raɗi, ba mai yarda ya miƙa masa ƙafa, wasu ma suka gudu. A wasan ƙarshe na kakar wasanni koci ya ce masa, "Kai kaɗai ka rage mini, Manniru." Ya shiga, ya yi gudun mutum biyar, amma ɗan baya ɗaya ba ya tsare gida. Aka zura musu ƙwallaye, ƙungiya ta faɗa rukunin ƙasa. Da alƙali ya hura usur kowa ya zube a ciyawa, ban da shi. Ƙafafun suka ƙi tsayawa. Suka fita da shi ta ƙofar fili, yana roƙon mutane su riƙe shi, kowa na ja da baya saboda hannun.

Har yau yana kan hanya, tsakanin Ojoo da Akinyele, tafi da dawowa. Daga ƙugu zuwa sama tsoho ne da ya gaji da duniya, kai a sunkuye, leɓe a bushe. Daga ƙugu zuwa ƙasa ko alamar gajiya babu. Masu tuyar ƙosai kan jefa masa a leda, ya cafe yana tafiya.

Kowace sana'a tana da ranar sauka, kuma benci ba kabari ba ne. Wanda ya ƙi zama lokacin da Allah ya ce ya zauna, ya je ya ari ƙafar wani, to ya sani akwai ranar da zai nemi wurin zaman ya rasa.