Gamanar Inna

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Ni ba mai surutu ba ce, karatuna kuma bai yi zurfi ba. Amma godiya ta ƙi barina in yi shiru.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba Mushe Sidi, shugaban lakwal ɗinmu, wato makarantar boko ta Kanan-Bakashe, ya kira ni.

"Safi, hanya biyu ce. Ko ki zauna nan kina taya ni da ƙananan yara, ki koya a hannuna, amma babu takardar shaida. Ko ki tafi makarantar horon malamai can yamma bakin kogi, shekara biyu, ki dawo mataimakiyar malami ta sosai."

Raina na son tafiya. Sai dai ta faɗo daidai cirar gujiya. Baba ya rasu, gamanar Inna, wato 'yar gonarta ta kanta, ba ta da kowa sai ni. Ga kuma Ƙadri, wanda ya ce bayan kaka magabatansa za su zo.

Na sanar da Inna tana daka. Ni ce ɗiyarta ta fari, ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta haɗa ido da ni. Sai ƙara wa taɓarya ƙarfi da ta yi. Na ce a raina, ba ta so.

Da yamma Ƙadri ya zo zance gindin gawo.

"Na zaɓi zama," na ce, ina wasa da bakin gyalena.

"Saboda mi?"

"Inna... da gujiya... da kai."

"Da ni? Haba Safina! Kar ki ɗora mani. Ni na ga yadda kike riƙe alli kamar an ba ki zinariya."

"Shekara biyu fa, Ƙadri... za ka gaji."

"Gawon nan ya gaji da jiran rani?"

"Kai ba gawo ba ne!"

Ya kaɗe rigarsa ya tafi ko sallama babu. Na yi kuka har na gode Allah.

Ranar Laraba da hantsi na ji ganga wajen gonaki. Na bi sautin da gudu. Samari ne cike da gamanar Inna, ƙura na tashi, gujiya na fitowa tuli-tuli, Ƙadri a gaba gumi sharkaf.

A garinmu saurayi ba ya kiran gayya a gonar uwar yarinya sai maganarsu ta tabbata. Ke nan ya faɗa wa gari duka ni yake jira.

Kawu Gado, ƙanen Inna, yana tsaye yana dariya.

"Kawu, wa ya ba shi izini?"

"Uwarki mana! Ita ba ta iya yi masa magana, shi ba ya iya ɗaga kai gabanta, ke kuma bebiya. Ni na zama jakin kowa!"

Da na koma gida na tarar da ƙwarya cike da dakuwa da ƙuli-ƙuli a ƙofar ɗakina. Ashe tun dakan ranar nan ta shiga haɗa mani guzuri. Inna tana ba akuya dusa, ta juya mani baya.

"Ke akuya," ta ce, "ki gaya wa waccan, ban haife ta don ta tsare mani gujiya ba. Ta tafi. Ta kuma riƙa rufe kanta, an ce bakin kogi da sanyi."

Na durƙusa a inda nake, hawaye na zuba.

Washegari na je lakwal, na ce da Mushe Sidi ya sa sunana cikin masu tafiya, da muryar da ban san ina da ita ba. Da na dawo Inna na shara a tsakar gida. Na tsaya wajen turke, na shafa kan akuyar.

"Ki ce mata na gode."